Yadda Za A Zaɓi Kayan Gudummawar Aure Masu Kare Muhalli

Gabatarwa

Kamar yadda aka sani, a ƙasar Hausa ba a barin ango da amarya su kafa gida su kaɗai. Dangin ango ne ke haɗa lefe, iyayen amarya su yi kayan ɗaki da gara, 'yan uwa da ƙawaye da abokan arziki kuma kowa ya kawo gudummawa gwargwadon halinsa. Abin da aka shirya wa amarya ranar jere shi ne za ta yi amfani da shi shekara da shekaru. Saboda haka zaɓen da aka yi a cikin makon biki yana da tasiri a kan lafiyarta, da aljihun mijinta, da kuma dajin da ke kewaye da garinsu. Mun shirya wannan bayani ne domin ya zama jagora ga iyaye da masu ba da gudummawa, da kuma jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya waɗanda jama'a kan nemi shawararsu.

Dalilin Wannan Kira

Jihohi 11 na arewacin ƙasar nan, wato Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara, su ne aka ayyana a matsayin waɗanda ke bakin gaba wajen fuskantar kwararowar hamada. Domin tunkarar wannan matsala ne Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin shingen itatuwa na yankin Sahel a shekarar 2007, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa hukumar gudanar da shi a 2015. Sai dai duk itatuwan da hukuma za ta dasa ba za su wadatar ba muddin kowane sabon gida ya zama ƙarin nauyi a kan daji. Kowane aure da aka ɗaura, sabon murhu ne aka kafa, kuma a karkara yawancin murahun nan da itace ko gawayi suke aiki.

A kan haka muke ba da shawara ga mai niyyar sayen kyauta da ya tambayi kansa abubuwa uku kafin ya biya kuɗi. Na farko, shin abin zai rage wa gidan sayen itace ko kananzir ko batir? Na biyu, shin zai daɗe, kuma akwai mai gyara shi a kusa idan ya lalace? Na uku, idan ya gama aiki, ƙasa za ta iya cinye shi, ko kuwa zai zama shara a lungu da gona?

Murhu Mai Tsimin Itace

A ganinmu babu kyautar da ta fi wannan amfani. A murhun gargajiya mai duwatsu uku, mafi yawan zafin wuta yana bin iska ne ta gefen tukunya, shi ya sa yake cin itace da yawa kuma yake tara hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga hayaƙin girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya. Mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar wannan hayaƙi, musamman jaririn da ake goye da shi a lokacin girki.

Murhu mai tsimi yana killace wutar ne a wuri guda ya kai zafinta gindin tukunya. Akwai na ƙarfe, irin su Save80, wanda ya samo sunansa daga bayanin masu ƙera shi cewa yana rage kashi 80 cikin 100 na itacen da ake ƙonawa. Akwai kuma na yumɓu da magina ke yi, wanda ya fi araha. Kafin a saya, a tabbatar cewa girmansa ya dace da tukwanen da aka yi wa amarya, kuma yana da tsayayyen gindi da zai jure tuƙin tuwo, domin murhun da ba ya tuƙuwa ajiye shi za a yi a koma wa duwatsu.

Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko kilo 6 ita ma kyauta ce mai kyau, amma sai a garin da ke da wurin ɗura gas a kusa, kuma sai an koya wa amarya yadda ake kunnawa da kashewa da gane yoyo. Game da gawayi kuwa, ya kamata a sani cewa kafin a samu buhu ɗaya sai an ƙona itacen da ya ninka nauyinsa sau da yawa. Kular ajiye abinci mai ƙwari, wadda dama ana sanyawa a kayan ɗaki, tana taimakawa domin tana hana sake hura wuta don ɗumama abinci.

Fitila Mai Aiki Da Hasken Rana

Gidan da babu wutar lantarki yakan kashe kuɗi kullum a kan kananzir ko batirin tocila. Mataccen batir kuma sai a yar da shi a bola, inda yara ke wasa da shi, gubarsa ta shiga ƙasa. Fitila mai aiki da hasken rana tana kawar da wannan, wasu ma suna cajin waya. A nemi wadda ke da takardar garanti, a gwada ta a gaban mai shago, a kuma tambaya ko ana iya canza batirinta. Kasuwa ta cika da jabu, kuma fitilar da ta mutu bayan wata biyu asara ce kuma shara ce. Abokan ango za su iya haɗa kuɗi su sayi ƙaramin faifan hasken rana mai ƙwai biyu ko uku a madadin janareta, wanda ɗawainiyarsa ta ƙaru tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. Inda ake da lantarki, a sayi ƙwai irin na LED, domin wutar da yake sha kaɗan ce idan aka kwatanta da tsohon ƙwai mai zafi.

Kayan Sana'ar Gida

Kalmar lefe kanta asalinta sunan kwandon kaba ne da ake zuba kayan aure a ciki, kafin zuwan akwati. Wannan ya nuna cewa iyayenmu sun daɗe suna haɗa gida da abin da ƙasarsu ta fitar. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba, saboda ruwan da ke tsatsafowa ta jikin yumɓu yana tafiya da zafi idan iska ta busar da shi. Ƙwarya, ludayi, faifai, tabarmar kaba, maburgi da kwando duk suna aiki shekaru, kuma idan sun tsufa sai su koma ƙasa. Bugu da ƙari, kuɗin da aka saye su da shi yana shiga hannun magina da masu saƙar kaba da masu gyaran ƙwarya na yankinmu, waɗanda da yawansu mata ne.

Muna jawo hankalin jama'a musamman ga tukunya cikin tukunya, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa a karkara har ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a zuba kayan miya a cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. A gwajin da ya yi, tumatir da tattasai sun kai mako uku ba su lalace ba. Ana jiƙa yashin sau biyu a rana, kuma dabarar ta fi aiki a lokacin rani da iska ke bushe. Kowane magini zai iya yin ta idan aka kwatanta masa.

Gidan sauro mai magani ma ya cancanci shiga jere. Yakan yi aiki kimanin shekara uku idan aka kula da shi, yana kare mai juna biyu da jariri daga zazzaɓin cizon sauro, kuma yana rage kunna maganin sauro mai hayaƙi a cikin ɗaki.

Dashen Itace

Malamanmu sun sha karantar da mu cewa dasa itacen da mutum ko dabba za su amfana da shi sadaka ce. Zogale yana saurin girma, a cikin 'yan watanni amarya za ta fara tsinkar ganyensa. Mangwaro, gwaiba da lemun tsami suna ba da 'ya'ya, darbejiya kuma tana ba da inuwa tana jure fari. Ga angon da ke da gona, gawo ya dace, domin yana zubar da ganye da damina ya ƙara wa ƙasa taki ba tare da ya tare wa shuka rana ba. Idan bikin ya faɗo da rani, a yi alkawarin dashen a cika shi da farkon damina. A haɗa da kariyar kara ko ƙaya saboda awaki, kuma kada a dasa manyan itatuwa dab da katanga ko rijiya ko masai. Ana iya tuntuɓar sashen gandun daji na ƙaramar hukuma domin sanin inda ake samun irin dashe.

Abubuwan Da Ya Kamata A Guje Wa

1. Robobi marasa ƙwari da ake rabawa a wurin biki, waɗanda rana kan fasa cikin ɗan lokaci.
2. Yawan naɗe kaya da leda. Leda tana toshe magudanun ruwa, kuma dabbar da ta haɗiye ta takan rame har ta mutu. A yi amfani da kwando ko zane.
3. Kayan lantarki a garin da babu wuta, da tsofaffin firji na gwanjo masu shan wuta da yawa.
4. Maimaita kaya iri ɗaya. Yana da kyau uwar amarya ko wata babbar 'yar uwa ta riƙe jerin abin da ake bukata, masu gudummawa su riƙa tambayarta.
5. Cin bashi ko sayar da gona domin cika ɗaki da kayan kallo. Addini ya hana almubazzaranci, kuma gonar da aka sayar ba ta cika dawowa ba.

Kira Ga Shugabanni

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai da su riƙa ambaton wannan batu a wuraren ɗaurin aure da tarukan jama'a. Haka nan muna fatan jami'an raya al'umma da na kiwon lafiya a ƙananan hukumomi za su haɗa kai da ƙungiyoyin mata wajen nuna yadda ake amfani da murhu mai tsimi da tukunya cikin tukunya a ranakun kasuwa, domin abin da ido ya gani ya fi saurin karɓuwa. Masu adashi kuma za su iya ware kwasa ɗaya domin sayen murhu ko fitila ga 'yar da za a aurar.

Kammalawa

Ba mu ce a yi watsi da al'adar jere ko a hana amarya kayan ado ba. Abin da muke roƙo shi ne, a cikin kayan da za a kai mata a tabbatar akwai murhu mai tsimi, da fitilar hasken rana, da randa, da gidan sauro, da dashen itace ko da guda biyu ne. Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma ba mu damina mai kyau, amin.