Ƙofar da Bishara Ta Shigo Ƙasar Katsina

'Yan'uwa cikin Almasihu, wanda ya taso daga Wagini ya bi ta Batsari zuwa birnin Katsina, kafin ya shiga gari zai wuce Babbar Ruga. Da yawa daga cikinmu mukan wuce ba mu waiwaya ba, alhali tarihinmu yana nan.

A zamanin mulkin Turawa, gwamnati ta ƙuntata wa 'yan mishan yin wa'azi a ƙasashen sarakunan Arewa. Amma a 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa mishan ta SIM aikin jinyar kutare a Babbar Ruga, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Ma'aikatan suka durƙusa suna wanke miyakun mutanen da danginsu ma ke ƙyamar cin tuwo da su. A nan waɗansu majinyata suka ji Bishara, suka koyi karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga a 1932. Sai a 1954 aka kafa ekkilisiyar ECWA. Ashe jinya ta riga ginin coci.

Mu tuna da Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 5. Kuturu ne, amma da annabi Elisha ya aika masa ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun, sai ya husata, yana ganin kogunan Dimashƙu sun fi. Saura kaɗan ya koma gida da cutarsa. Barorinsa ne suka lallashe shi ya sauka cikin ruwan, ya warke. Gaskiyar Hausawa, girman kai rawanin tsiya.

To, mu fa? Yau muna jayayya a kan kujerar dattijon ekkilisiya, muna hushi in ba a kira sunanmu ba ranar baiko. Ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Batsari da Safana, sun zo gari ba ko tabarma. Muna tashi mu ba su wurin zama, ko kuwa muna duban tufafinsu? Wannan zunubi ne, sai mu tuba. Ubangijinmu da kansa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana fahariyarmu, ka ba mu zuciya mai tawali'u, cikin sunan Yesu. Amin.