Akawun Richmond da kuɗin fulawa

A lakwal, da sunayen manya aka koya mana yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865: Lincoln, Lee, Grant. Ni kuwa wanda ya tsaya mini a rai wani akawu ne, John B. Jones, da ya yi aiki a ma'aikatar yaƙi ta ƴan Kudu a birnin Richmond. Kusan kullum sai ya rubuta abin da ya gani. An buga rubutun a 1866, shekarar da ya rasu.

Hafsoshi na ƙirga nasara, shi yana ƙirga kuɗin fulawa da na itacen wuta, yana shuka tumatir a gida don albashi ba ya kai ƙarshen wata. Ran 2 ga Afrilu 1863 mata suka fasa kantunan birnin saboda yunwa, ya rubuta.

Amma fa mutumin ga mai goyon bayan bauta ne. Yunwar gidansa ya gan ta sarai. Bayi kuwa, galibi kamar dukiya alƙalaminsa ya lissafa su. To, ni dai na yarda takardar akawu shaida ce. Sai dai in na karanta, nakan tambayi kaina: wa ya bari bakin ƙofa?