Niyuron

Niyuron ƙwayar halitta ce da ke ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da sauran sassan jiki. Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da kusan biliyan 86 daga cikinsu.

Kowace tana da jiki mai cibiya, da ƙananan rassa masu karɓar saƙo, sai dogon zare guda ɗaya da ake kira akson, wanda ta cikinsa saƙon ke fita. Wani akson ɗin yakan kai mita ɗaya, daga ƙasan gadon baya har yatsan ƙafa.

Saƙon kansa na lantarki ne. Idan ƙwayar tana hutawa, cajin cikinta yana wajen milibolt 70 ƙasa da na waje. Da an motsa ta sosai, sai ƙofofin fatarta su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, cajin ya juye, sannan fotasiyam ya fita ya mayar da shi yadda yake. Haka abin ke bin zaren har ƙarshe. Inda wani kitse mai suna mayelin ya naɗe akson, saurin saƙon yakan kai mita 120 a daƙiƙa. A ƙarshen zaren akwai 'yar tazara, nan ne ƙwayar ke sakin sinadarai, irin su dofamin, su haye zuwa ta gaba.

Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya ne ya nuna cewa ƙwayoyin a rarrabe suke, ya kuma raba kyautar Nobel da Camillo Golgi a 1906. Cutar shan inna niyuron masu motsa tsoka take kashewa a laka, shi ya sa ƙafa ke shanyewa.