Farin gefen takarda: littattafan hannu a ƙasar Ƙonni da Adar

Littafin hannu na ƙasar Hausa ba a ɗinke shi. Waraƙu ne a jere, ɗaya bisa ɗaya, a rufe su da tadarishi, a ɗaure da tsinkiyar fata, a zura a gafaka. A ƙasan shafi marubuci yakan ajiye kalmar farko ta waraƙa mai zuwa, don in takardu sun watse a iya mayar da kowace gurbinta. A littattafan da aka rubuta don karantarwa, abin da ya fi ɗaukar ido shi ne yawan filin da aka bari fari. Wani shafin ba ya wuce layi bakwai ko takwas, tsakanin layi da layi akwai tazara, gefe kuma a sake.

Ba arhar takarda ta kawo haka ba. A ƙarni na 19 yawancinta daga Italiya take fitowa, musamman mai tambarin jinjirin wata uku, ta bi ta Tarabulus ko Masar, ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma kafin ta iso kasuwannin Agadas, Katsina da Kano. Shi ya sa yaro yake fara karatu a allo, wanda ake wankewa a sake rubutu. Mutumin da ya san kuɗin takarda, ya kuma bar rabin shafi babu tawada, da niyya ya bari.

Niyyar tana cikin yadda ake ɗaukar karatu a zaure. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ɗalibi yake bi, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, gajeru ne, Muhtasar na Halil kuwa ya fi su duka matsewa, har jimla guda takan ɗauki malami dogon lokaci yana warware ta. Ɗalibi ya karanta, malami ya fassara, abin da aka ji kuma a saka shi da ƙananan baƙaƙe a tsakanin layuka: ma'anar kalma da Larabci mai sauƙi, ko da Hausa ko Fulatanci cikin ajami. Dogon sharhi shi ke tafiya gefe, wani a miƙe, wani a karkace, wani sai an juya takardar kafin a karanta shi. Littafin ya bar hannun malami ya koma na ɗalibi ko na magaji, shi ma ya ƙara nasa. Tawada ta bambanta, hannu ya bambanta, shafi ɗaya ya tara aikin mutanen da wasunsu ba su taɓa ganin juna ba.

Ƙasar Ƙonni tana da tsohuwar alaƙa da wannan sana'a. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta cewa kakansu Musa Jakolo ya taso daga Futa Toro ya sauka a Ƙonni, zuriyarsa ta Toronkawa ta bazu daga nan. An haifi Shehu Usmanu a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, a yankin Malbaza na yau, kafin gidansu ya koma Degel. Babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya zauna a ƙasar Adar, wadda fadar sarkinta take Illela, kuma Shehu ya bi shi har Agadas. Karatun wancan zamani da ƙafa ake nemansa, littafi ma haka. Rashin ɗinki ya sauƙaƙa lamarin: ana iya zare waraƙu kaɗan a ba ɗalibi aro, ko a raba littafi guda ga masu kwafi da yawa, ko a aika wani sashe wani gari tare da ayari.

Waƙa ma tana da nata aikin gayya, wato tahamisi. Mawaƙi ya ɗauki baiti mai ƙwar biyu na wani, ya ɗora masa ɗango uku a sama, ya zama ƙwar biyar, ba tare da ya taɓa kalma ɗaya ta mai asali ba. Ishiriniya da ake rerawa lokacin Mauludi ta Alfazazi ce, amma a haɗe take da tahamisin Ibn Mahib. Abdullahi ya yi wa waƙar yayansa Shehu ta yabon Annabi tahamisi, ya sanya shi cikin Tazyinul Waraƙati. Tabbat Haƙiƙa kuwa hannu uku ta bi: Shehu ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Irin waɗannan waƙoƙi jajojin 'Yan Taru suka riƙa ɗauka daga wurin Asma'u suna kai wa matan ƙauyuka.

Wasiƙa ta shiga littafi kai tsaye a Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya kammala a 1812. Shehu Muhammadu Al-Amin Alkanemi na Barno ya rubuto yana ƙalubalantar hujjar yaƙar ƙasarsa, Bello ya ba da amsa, sannan ya kwafe maganar abokin jayayyarsa tare da tasa a littafi guda. Wannan adalci ne da ya cancanci yabo, domin ta hanyarsa hujjar Barno ta iso ga masu karatun Sakkwato da bakin mai ita.

A Amurka an yi wani abu mai kama da wannan aikin gayya a shekarun 1960, lokacin da mai zane Ray Johnson ya riƙa aika wa abokansa takardu ta gidan waya, yana neman kowa ya ƙara wani abu ya mayar masa ko ya tura gaba. Su fasaha suke nema, malaman zaure kuwa ilimi, amma dukansu sun yarda cewa takarda ba ta gama cika a hannun wanda ya fara ta ba.

Zuwan Turawa ya girgiza ƙasar Ƙonni. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta bar Ƙonni a Nijar, Sakkwato a Najeriya, ko da yake almajirai da gafakokinsu ba su daina ƙetare ta ba. Abin da ya fi sauya shafin shi ne ɗab'i. Bugun Masar da na Beirut ya zo da sharhi a shirye, an cike gefen tun daga maɗaba'a, littafin kuma a ɗinke. A Kano an bi wata hanya: ana ɗaukar hoton rubutun gwanayen marubuta a buga shi da yawa, don haka salon hannu na gida ya ci gaba da zama a kasuwa.

Tsofaffin waraƙun suna nan a gidajen malamai, da taskar Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda ya samo tushe daga tarin Bubu Hama. Masu bincike sun daɗe suna karanta tsakiyar shafi kawai. Daga baya suka waiwayi gefe, kuma a ƙananan baƙaƙen da ke tsakanin layukan Alƙur'anan Barno ne suka gano tsohon harshen Kanembu na malamai, wanda ya girmi Barbarcin da ake yi a yau.