Mikhail Savitsky da Zanen Sansanonin Jamus

An haifi Mikhail Savitsky, mashahurin mai zane na ƙasar Belarus, a 1922 a lardin Vitebsk. Yana cikin sojojin Tarayyar Sobiyat da suka kare birnin Sevastopol, inda Jamusawa suka kama shi a 1942. Daga nan aka yi ta yawo da shi sansani-sansani, watau Buchenwald da Dora da Dachau, har sojojin Amurka suka kuɓutar da shi a 1945.

Abin lura shi ne, da ya kammala karatun zane a Mosko a 1957, bai yi hanzarin waiwayar wannan azaba ba. Suna ya fara yi da zanen 'yan sari-ka-noƙe na dazuzzukan Belarus, fagen da bai halarta ba, alal misali zanensa na 1967 na wata uwa mai shayar da jariri a cikin mayaƙa. Ba abin mamaki ba ne, domin hukumar Sobiyat ta daɗe tana yi wa sojan da aka kama da rai kallon zargi. Sai a 1974, kusan shekara 30 da fitowarsa, ya soma jerin zanen nan "Lambobi a Zuciya", inda ya zana kansa tsaye a ƙofar Buchenwald da lambarsa ta fursuna, 32815. Ya rasu a Minsk a 2010.