Tsibirin Batmusa: Majami'unsa da Sana'o'insa

Batmusa, wanda wasu juyi suke rubutawa Fatmos, ƙaramin tsibiri ne na ƙasar Girka a tekun Ajiyan, kusa da gaɓar Turkiyya. Mazaunansa wajen mutum 3,000 ne. A nan aka tsare Yohanna saboda Maganar Allah (Ru'ya ta Yohanna 1:9). Bisa ga tarihin Ikilisiya, wannan ya faru wajen shekara ta 95, a zamanin Kaisar Domitiyan.

Babu filin jirgin sama a tsibirin. Sai dai a shiga jirgin ruwa, misali daga Firiyas, tashar birnin Atina, tafiyar awa bakwai ko fiye, a sauka a garin Sikala.

Daga Sikala hanya ta hau tudu zuwa tsohon garin Hora. A tsakani akwai kogon da ake cewa a cikinsa Yohanna ya ga ru'yar, yanzu an mai da shi ɗakin sujada. Za a nuna maka tsaga uku a jikin dutsen, a ce daga nan muryar ta fito. Ka saurara da ladabi, amma ka sani Nassi bai ambaci kogo ba, tsibirin kaɗai ya ambata.

A ƙwanƙolin tudun akwai gidan 'yan zuhudu na Yohanna, wanda Kiristodulos ya kafa a 1088. An kewaye shi da ganuwa saboda 'yan fashin teku. A ganina, abin da ya fi cancantar lokacinka a nan shi ne shafuka 33 na Bishara ta Markus, rubutun hannu na ƙarni na 6, da ruwan azurfa a kan fata mai launin shunayya. Ranar Alhamis kafin Istar Otodoks kuma, shugaban gidan yakan wanke ƙafafun mutum 12 a bainar jama'a.

Ɗaya daga cikin sana'o'in hannu ita ce zanen Yesu da manzanni a kan katako. Mata 'yan zuhudu na gidan Ebangelismos suna yin wannan zanen, suna kuma ɗinkin ado na gargajiya. Masu bi na Otodoks sukan sumbaci waɗannan zane-zane, abin da ikilisiyoyinmu ba su karɓa ba. Ba sai ka yi ba, ba kuma wurin gardama ba ne. Ka sa tufa mai rufe kafaɗa da gwiwa, in ba haka ba za a iya tsai da kai a ƙofa.