Aminci, Soyayya da Gaba a Makarantar Hogwarts: Tarihin Shekara Goma

Ranar 26 ga Yuni, 1997, kamfanin ɗab'i na Bloomsbury da ke Landan ya fitar da wani littafin yara mai suna Harry Potter and the Philosopher's Stone, na wata marubuciya da ba a san ta ba, J. K. Rowling. Kwafi 500 kacal aka buga masu kaurin bango a karon farko. Bayan shekara goma, ranar 21 ga Yuli, 2007, da littafi na bakwai ya fito, an sayar da kwafi miliyan 8.3 a Amurka kaɗai cikin kwana ɗaya. Mutane da dama sun danganta wannan ɗaukaka ga tsafi da dodannin da ke cikin labarin. Ni dai a ganina, abin da ya riƙe masu karatu tsawon waɗannan shekaru shi ne son sanin yadda za ta kaya tsakanin yara huɗu: Harry, Ron, Hermione da Draco. Tarihin wannan dangantaka nake so in bi, daga tushenta har zuwa muhawarar da ta haifar.

Rowling ba da ka ta ƙirƙiro tsarin ba. Ingila na da tsohuwar al'adar labarin makarantar kwana, wadda ta kafu sosai da littafin Thomas Hughes, Tom Brown's School Days, a 1857. A can ma akwai baƙon yaro, da amininsa East, da mugun ɗalibi Flashman mai cin zalin ƙanana. Aminci da gaba sun cika littafin, amma babu soyayya, domin makarantar maza ce zalla. Labaran tsafi na yara su ma sun daɗe suna kau da kai daga batun. A littafin ƙarshe na jerin Narnia, wanda C. S. Lewis ya fitar a 1956, an bar Susan a baya bisa dalilin cewa hankalinta ya koma kan kwalliya da zuwa biki. Wato a wannan tsari, yarinya na fara zama budurwa sai ƙofar duniyar al'ajabi ta rufe mata. Abin da Rowling ta yi shi ne ta haɗa gadon nan biyu, ta sa maza da mata a aji ɗaya, sannan ta bar su suna girma, shekara ɗaya a kowane littafi, daga sha ɗaya zuwa sha bakwai. Wanda ya yi haka kuwa ya san ba makawa wata rana zuciya za ta shigo cikin zance.

Littattafai uku na farko, daga 1997 zuwa 1999, zamanin aminci ne. A cikin jirgin ƙasa mai zuwa makaranta aka raba gari: Draco Malfoy, ɗan masu dukiya da alfahari da asali, ya yi wa Ron Weasley gorin talauci, ya kuma miƙa wa Harry hannu, Harry ya ƙi karɓa. Daga nan gaba ta ƙullu. Hermione kuwa da farko ba ta da kowa. Baƙar maganar Ron ce ta sa ta ɓuya tana kuka, har wani basamuden dodo ya rutsa da ita. Yaran biyu suka cece ta, ita kuma ta ɗora wa kanta laifi a gaban malamai don ta kare su. Sai dai tun a littafin farko marubuciyar ta binne irin da zai tsiro daga baya. Akwai wani madubi mai nuna wa mutum babban burin zuciyarsa. Harry maraya ya duba, ya ga iyayensa da danginsa. Ron, na shida cikin 'ya'ya maza, wanda tufafinsa da sandarsa duk kwancen yayyensa ne, ya duba ya ga kansa shi kaɗai, shugaban ɗalibai, riƙe da kofi. Kowannensu na kwaɗayin abin da ɗayan yake da shi.

A littafi na huɗu, wanda ya fito ranar 8 ga Yuli, 2000, irin ya tsiro. Hausa ta bambanta gasa da hassada da kishi, kuma duka ukun sun bayyana a nan, kowanne da fuskarsa. Gasa ita ce ta Harry da Cedric Diggory: suna neman kofi ɗaya, suna son yarinya ɗaya, Cho Chang, amma kowanne ya tsegunta wa ɗan'uwansa sirrin jarrabawa, a ƙarshe kuma suka yarda su kama kofin tare. Wannan karamci ne ya kai Cedric inda aka kashe shi. Hassada ita ce ta Ron ga Harry: da sunan Harry ya fito cikin 'yan gasa ba da saninsa ba, Ron ya ƙi gaskata shi, ya ƙaurace masa har sai da ya ga amininsa a gaban dodo mai aman wuta. Kishi kuwa shi ne na Ron a daren rawar Kirsimeti, lokacin da ya ga Hermione tare da Viktor Krum, ɗan wasan da shi kansa yake bala'in so. Draco bai taɓa yi wa Harry raunin da shirun Ron ya yi masa ba. Maƙiyi daga waje yake jifa. Amini kuwa ya san inda ƙofa take.

A makarantar kwana na karanta wannan littafi, kwafi ɗaya da ya sha yawo daga gado zuwa gado har bangonsa ya fita. A zangon ne aka zaɓi aminina ya wakilci makaranta a gasar muhawara, aka bar ni, na kuwa ɗauke masa wuta ba tare da ya yi mini komai ba. Da na zo wurin da Hermione ke bayyana wa Harry cewa hassada ce ke cin Ron, sai na rufe littafin, don na ji kamar sunana aka kira a bainar jama'a.

Shekara uku aka yi ana jiran littafi na biyar, daga 2000 zuwa 2003, kuma a wannan tsakani masu karatu suka rabu gida biyu. Wasu suka ce Hermione ta Harry ce, domin jarumi shi ya cancanci jaruma, kuma ita ba ta taɓa juya masa baya ba. Wasu suka ce yawan faɗanta da Ron shi ne alamar so. Muhawarar ta yi zafi ne saboda abin da ke ƙarƙashinta: shin namiji da mace za su iya aminci na tsakani da Allah ba tare da ya rikiɗe ya zama soyayya ba? Littafi na shida, a 2005, ya karkata ga gida na biyu, inda Harry ya faɗa son Ginny, ƙanwar Ron, Hermione kuma ta kasa ɓoye ɓacin ranta da ta ga Ron tare da Lavender Brown.

Littafi na bakwai ya haɗa dukkan zaren a wuri ɗaya. Su uku suna gudun hijira a daji, suna karɓa-karɓar rataya wata sarƙar wuya da Voldemort ya ɓoye wani yanki na kurwarsa a ciki. Sarƙar ba ta ƙirƙiri komai ba. Abin da ta tarar a zuciyar Ron shi ta hura, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ron ya yi fushi ya tafi. Da ya dawo, ya tsamo Harry daga cikin ruwan ƙanƙara, sarƙar ta nuna masa siffar Harry da Hermione suna yi masa ba'a, suna cewa shi ba kowa ba ne. Sai da ya sare ta da takobi, Harry kuma ya faɗa masa a fili cewa Hermione tamkar 'yar'uwa take a wurinsa, sannan ciwon shekara bakwai ya warke.

Gabar waje ma ta canza salo. Flashman na 1857 korarsa aka yi, labarinsa ya ƙare. Draco kuwa an nuna shi yaro ne da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsa: ya kasa kashe Dumbledore, ya yi ta inda-inda lokacin da aka ce ya tabbatar ko fursunan da aka kamo Harry ne, Harry kuma ya fito da shi daga gobara. Sakamakon haka mahaifiyar Draco, don ɗokin ta kai ga ɗanta, ta yi wa Voldemort ƙarya cewa Harry ya mutu. A bayan wannan duka akwai darasin iyayensu. James, mahaifin Harry, ya wulaƙanta Snape a makaranta. Snape cikin zafin kunya ya yi wa aminiyarsa Lily gorin asali, ya rasa ta, ta auri James. Wannan saɓani na 'yan shekara goma sha biyar ya bi su har kabari. Bambancin tsara ta biyu da ta farko ɗaya ne: Ron ya dawo ya nemi afuwa tun da sauran lokaci, aka kuma karɓe shi.

Muhawarar ba ta mutu da fitowar littafin ƙarshe ba. A 2014, cikin wata hira da Emma Watson ta yi da ita a mujallar Wonderland, Rowling ta amsa cewa haɗa Ron da Hermione ya fi alaƙa da son ranta fiye da buƙatar labari, har ta nuna cewa ta wasu fuskoki Harry ya fi dacewa da ita. Kafin nan kuwa kasuwa ta riga ta ɗauki darasi: jerin Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fara a 2005, ya mayar da zaɓin budurwa tsakanin samari biyu ya zama ginshiƙin labari. Ni ban bi Rowling a wannan nadama ba. Da Harry ya auri Hermione, da tsoron Ron ya tabbata, cewa na biyu ba ya samun komai sai ragowa, da kuma an rasa misalin aminci tsakanin mace da namiji wanda bai nemi lada ba.

Aminina ya dawo daga gasar da matsayi na biyu. Na tarye shi a bakin ƙofar makaranta, na karɓi jakarsa, na ce masa na yi kuskure. Har yau muna tare, shi ne ma ya karanta wannan maƙala kafin in miƙa ta.